Likita Mai Riƙon Tiyo

A asibitin haƙorin da ke saman wani shagon tabarau, aikin Mai Filaya riƙon tiyo ne. Mai asibitin za ta zauna a daman majinyaci tana ƙwaƙular haƙori, ita kuma tana hagu da ɗan siririn tiyon da ke zuƙe ruwa da miyau. Ita ke miƙa auduga, ita ke dama garin ciko, ita ke goge kujera idan an tashi, ta zuba ƙarafa a tukunyar tururi. Doka ta yarda ta sa tiyo a bakin mutum, ba ta yarda ta faɗa masa abin da ta gani a ciki ba. Kuma tana gani. Kafin mutum ya gama buɗe baki ta san wane turmi ne ya hana shi sakat, sai ta danne sanin, ta ce masa ya ɗan juyo.

Sunan kuwa yayyenta ne suka laƙaba mata tun ranar da ta ce haƙori za ta karanta. Su a wurinsu likita shi ne mai sauraron ƙirji, mai cire haƙori kuwa bakanike ne da aka ara wa farar riga. Ta ƙyale su. Ta gama makaranta, ta yi shekara da shekaru a babban asibitin gwamnati na ƙasarsu, inda benci ke cika kafin a buɗe ƙofa. Masu zuwa wurinta ba masu neman a haskaka musu murmushi ba ne. Sai kunci ya kumbura ya kusa rufe ido, an sa gishiri, an sa kanumfari, an gwada maganin maƙwabta duka, sannan a tuna da ita. Wanda ya iso a haka ba ya son dogon bayani, ita ma ba ta da lokacinsa. Za ta leƙa, ta dafa gwiwar tsohuwa, ta ce, "Inna, wannan ya gama aikinsa, a sallame shi." Allura na ɓoye a bayanta tana tambayar jikoki nawa ne, wanne ya fi rashin ji, kafin tsohuwa ta kai kan na ukun dasashi ya mutu. Aka san ta da hannu mai sauƙi. Yayyen nan masu dariya su ne suka riƙa turo mata surukansu.

Sai mijinta, Injiniya, ya sami aikin gyaran manyan na'urorin sanyaya ɗaki a wata ƙasa. Suka kwashe yara biyu suka tafi. Ta ɗauka wata biyu za ta huta ta koma aiki.

Hukumar likitocin haƙori ta can ba ta ce ba ta iya ba. Cewa ta yi ba ta san ko ta iya ba, kuma wannan ya fi ciwo. Aka fara da tantance takardu, sai da tsohuwar makarantarta ta rantse cewa ta san ta. Aka yi jarrabawar harshe, ta ci. Aka yi ta rubutu, inda aka tambaye ta sunayen ƙananan jijiyoyin da ta daɗe tana kauce wa da yatsa ba tare da ta tuna sunansu ba, ta koma littafi kamar 'yar aji ɗaya, ta ci. Aka ba ta kan roba mai haƙoran roba ta ƙwaƙule ta cike, ta yi masa aikin da ko ɗan minista ba ta taɓa yi wa ba, ta ci. Saura guda, wadda kowa ya ce ita ce mai sauƙi. Ana shigar da kai ɗaki, ka tarar da ɗan wasan kwaikwayo da aka ɗauka haya ya zama majinyaci, ga hoton haƙori a kan tebur, ga mai ba da maki a kusurwa. Ba a taɓa ƙarfe. Magana kawai za ku yi har ƙararrawa ta buga. Sau uku hukuma ke barin mutum ya zauna ta. Wanda ya faɗi na uku, duk abin da ya ci a baya ya rushe, sai dai ya koma jami'a ya zauna da sa'annin 'ya'yansa.

A zaman farko wata dattijuwa ta tarar, ta riƙe kunci. Mai Filaya ta dubi hoton, ta ga turmin ya tsage har saiwa. Ta ja kujera kusa, ta dafa gwiwar matar, ta ce mata ta kwantar da hankali, cire shi za a yi, ba za ta ji komai ba. Ta gama tun ƙararrawa na da nisa, har ta tambayi jikoki. Ta fito tana ganin ta yi abin a yaba. Sakamako ya zo ya ce ta taɓa majinyaciya ba izini, ta yanke mata hukunci ba ta jera mata hanyoyi ba, ta kuma yi alkawarin abin da ba a alkawari a kansa.

Daga nan aka haɗa ta da Farfesa. Shi ma likitan haƙori ne a ƙasarsu, ya zo tun da jimawa, ya zauna sau uku ya faɗi sau uku, sai ya kama ɗaki a bayan wani shagon wanki yana koya wa wasu yadda ake ci. Ɗakin kullum yana warin sabulu, ana jin gurnanin injinan wanki ta bango. Dokarsa gajera ce, kada ki taɓa, kada ki zaɓa. A jera hanyoyi duka: a cire, a kashe jijiya a cike, ko a bar shi haka, kowacce da amfaninta da haɗarinta. Idan majinyaci ya ce da ke ce me za ki yi, tarko ne, a mayar masa da tambayarsa. Yana da jimlolin da aka haddace kamar karatun yara, da wurin da ake sunkuyar da kai, da wurin da ake yin shiru.

Mai Filaya ta lura da wani abu game da shi. Wanda ya ci jarrabawa ya zo godiya, Farfesa zai yi masa barka a tsaye, idonsa na kan ƙofa. Wanda ya faɗi kuwa sai ya ja masa kujera, ya dafa masa shayi da hannunsa, ya zauna suna zagin hukuma har shayin ya huce. Ba mugunta ba ce. Mutum ne da ya gina gida a bakin ƙofar da aka rufe masa, yana son maƙwabta.

Duk da haka ta haddace. A zama na biyu wani magidanci ta samu, ta fara zuba masa hanyoyi ɗaya bayan ɗaya ba tuntuɓe. Tana tsakiyar haɗarin hanya ta biyu mutumin ya sunkuyar da kai ya ce tsoron allura yake yi, tun da matarsa ta rasu a asibiti ba ya son warin wurin. Hannunta ya ɗaga da kansa zai dafa shi, ta kama shi da ɗayan ta mayar kan cinya. Ta ce ta fahimta, kamar yadda aka koya mata, ta wuce hanya ta uku don kada lokaci ya ƙure. Sakamako ya ce ba ta da tausayin majinyaci.

Ta karanta wannan a tsaye a kicin, ta yi dariyar da ta sa yaran suka leƙo. An kayar da ita don ta cika kusa, an kayar da ita don ta cika nisa. Ta ce wa Injiniya ko hukumar za ta aiko da ma'auni, a nuna mata inda ake tsayawa.

Tun daga ranar kowa ya fara tausaya mata, kuma kowane tausayi da abin da ke bayansa. Mai asibitin da ta ɗauke ta riƙon tiyo kafin ta sami lasisi, mace mai kirki da ta iya aikinta, ta kira ta ofis ta tuna mata da ƙaramin lasisi, na masu wanke haƙori da kankare datti a ƙarƙashin likita. Da abin da ta riga ta ci za a ba ta shi, muddin ta janye daga zama na uku. Har ɗaki za ta ware mata. Mai Filaya ta yi godiya, ta kuma gane lissafin. Ina za a sami mai wanke haƙori da za ta hango ciwo tun yana ɓoye, ta raɗa wa likita, likita ta sa hannu? Yayarta kuma ta waya ta ce ta karɓa mana, ai a gida an riga an gaya wa kowa tana aikin likita a waje, ba wanda zai zo ya duba.

Tausayin Injiniya ya fi laushi, shi ya sa ya fi nauyi. Bai taɓa cewa ta bari ba. Sai dai ya ce ta rame, ya ce yara na kewarta ranar hutu, ya ce albashinsa ai yana riƙe gida. A ƙasarsu, duk inda suka shiga, mijin Likita ake ce masa. Mai gadin asibiti ma haka yake kiransa, shi kuma ya yi murmushi ya miƙa hannu. A nan kuwa shi ne mai katin aiki, shi ne ya san layin jirgin ƙasa, ita ce matar Injiniya. Ba ya fatan ta faɗi, da an tambaye shi zai rantse, kuma ba ƙarya zai yi ba. Kawai ya ɗanɗana wani abu da bai san yana ƙishinsa ba, yanzu ba ya son a karɓe kofin.

Wata Asabar da rana, saura kaɗan zama na uku, ta zaunar da shi a kujerar kicin ya zama majinyaci. Ya ƙunsa lomar burodi a kunci, yana nishi kamar mai naƙuda, yana cewa Likita ki cece ni. Ta ce idan haka majinyatan hukuma suke, da tuni an ba ta lambar yabo. Ta fara jero hanyoyi daga takardar da Farfesa ya ba ta. Tana kan ta biyu ya haɗiye burodin, ya gyara zama, murya ta koma tasa. Ya ce shi tsoronsa ɗaya, idan ta zauna ta faɗi ba babban lasisi ba ƙarami, ƙaramin lasisin ma sai an sake sabon nema. Ya ce mai hankali ba ya jefa duk abin da ya tara a zama guda.

Ta ajiye takardar Farfesa a kan tukunya.

"Baban yara, bari in jera maka hanyoyi, tunda na iya. Ta farko, in karɓi ƙarami, in yi ta kankare datti har in tsufa. Amfaninta, kana dawowa ka tarar da ni. Haɗarinta, matar da za ka tarar ba za ka so zama da ita ba. Ta biyu, in zauna in faɗi. Ta uku, in zauna in ci, a koma kiranka mijin Likita. Wacce ta fi ba ka tsoro?"

Ya ce wannan wace irin magana ce, shi da ya kawo ta.

"Ka kawo ni, na gode. Ba ka kawo hannuna don ya riƙe tiyo ba."

Ya tashi ya buɗe firij, ya tsaya yana kallon ciki kamar an rubuta amsa a jikin kwalbar madara. Ya rufe shi ya fita. Amma ranar jarrabawa shi ya goge mata riga, ya goge ta har wuyan ya yi ƙyalli, ya rataye a ƙofa.

Ɗakin jarrabawar kamar na da ne, kujeru biyu, tebur, kwalin takardar share hawaye, da wata mata mai tabarau a kusurwa da allon rubutu a cinya. Majinyacin dattijo ne siriri mai furfura, ya sa rigar sanyi. Labarin da aka ba shi, turminsa na ƙasa ya ruɓe, yana son a cece shi ko ta halin ƙaƙa. Hoton ya nuna saiwar ta lalace, ƙashin da ke riƙe da ita ya janye. Ana iya kashe jijiya a cike, amma da wuya ya daɗe.

Ta gaishe shi, ta tambayi yadda yake son a kira shi, ya ce duk yadda ta ga dama. Ta ce to Baba. Ya fara bayani, ita kuma idonta ya yi abin da ya saba, ya shiga bakin. Haƙoran sun cika daidaituwa, dasashin ya cika santsi, kuma idan ya zo wasu haruffa na sama na ɗan motsi, sai ya tura su da harshe. Na roba ne, sama da ƙasa. Turmin da yake roƙo a bar masa ya daɗe da barin duniya, shi da 'yan'uwansa duka.

Dariya ta taso mata, ta danne ta, wani tunani ya biyo bayanta. Wannan mutumin wani ya cire masa su, ɗaya bayan ɗaya. Wataƙila mai hannu mai sauƙi ne, mai ɓoye allura a baya. Wataƙila duk sun cancanci cirewa. Ko an taɓa tambayarsa? Ta tuna bencin asibitinsu, da yadda take jin daɗin shirun da ke sauka idan ta ce a sallame shi, yadda ba wanda ke ja. Ta daɗe tana kiran hakan tausayi, kuma tausayin ne, amma da daɗin mulki a gauraye. Su ma masu allon rubutun ba tsarkaka ba ne, rabin jere-jerensu tsoron kotu ne. Sai dai wancan rabin, na wannan dattijon ne.

Ta jera masa hanyoyin, ba da jimlolin Farfesa ba. Ta juya hoton ta nuna masa inda ƙashi ya janye. Ta ce allura za ta yi zafi kaɗan, ba za ta ce masa ba zafi ba. Da ya ce tsoro yake ji kada ya zama mai giɓi a gaban jikokinsa, ta yi shiru ta bar shi ya gama, ta tambaye shi wanne ya fi damunsa, giɓin ko ciwon. Hannayenta na kan cinya, ba ta ma ji suna ja ba.

Sai ya ɗago ya dube ta, ya yi tambayar.

"Likita, da mahaifinki ne, me za ki ce masa?"

Alƙalamin matar kusurwa ya tsaya. Amsar Farfesa na kan harshenta a shirye, ta ce masa wannan ya danganta da abin da ya fi masa muhimmanci. Amsa ce da ba ta kayar da kowa, ba ta kuma taimaki kowa. Mai Filaya ta ga idan da ita za ta ci, to lasisin na Farfesa ne, ita aron hannu kawai ta yi. Idan kuma faɗuwa ce, gara ta faɗi a likita.

"Da mahaifina ne, Baba, cewa zan yi a cire. Na ga irinsa da yawa, wanda aka cece shi a wannan halin ba ya cika daɗewa, sai a sha wahala sau biyu. Wannan ra'ayina ne, ka tambaya na faɗa. Amma bakinka ne. In ka ce a gwada ceto, zan yi maka shi da duk abin da na iya, ba kuma zan ce ai na faɗa maka ba. Ba sai yau za ka yanke ba."

Dattijon ya ɗan daɗe yana kallonta fiye da yadda wasa ke buƙata. Ya ce zai yi tunani. Ƙararrawa ta buga. Matar kusurwa ba ta ɗago ba.

Da ta ba Farfesa labari ya dafe kai, ya ce ta kashe kanta da bakinta, ya ɗora ruwan shayi. Ta ce ya bar shayin tukuna.

Makonni suka wuce. Saƙon ya shigo wayarta tana aiki, ta ji ta yi motsi a aljihu, tiyo na bakin wani direba, safar hannu a jiƙe. Sai da aka gama ciko, ta goge kujera, ta zuba ƙarafa a tukunya, ta wanke hannu har gwiwar hannu, sannan ta duba. Ta ci. A ƙasa an ƙara cewa za ta yi shekara guda a ƙarƙashin kulawar wani likita kafin a sake ta ita kaɗai. Ta karanta wannan ma, ta ce a kawo shi, ko jiya ya gama makaranta.

Mai asibitin ta rungume ta da gaske, sannan ta ce abin takaici ba ta da gurbin likita a yanzu, amma idan za ta ci gaba da taimakawa kafin wani abu ya samu, ƙofa a buɗe take. Mai Filaya ta ce za ta ƙarasa watan, su nemi mai riƙon tiyo.

A gida Injiniya ya karɓi wayar ya karanta da kansa, ya sake karantawa. Ya ce masha Allah. Sannan ya tambayi wa zai riƙa ɗauko yara daga makaranta idan aikin ya yi nisa.

"Kai," ta ce.

Ya mayar mata da wayarta. Can tana yanka albasa ta jiyo shi a falo ya kira yayansa, murya a sama, yana cewa ai shi ya horar da ita, shi ne majinyacin, kullum sai ya zaunar da ita a kicin, da ma ya san za ta ci. Ta bar shi ya kai ƙarshe. Da ya ajiye wayar ta leƙo da wuƙa a hannu, ta ce masa ranar Laraba ƙaramar 'yarsu da wuri take tashi daga makaranta, kuma malamarsu ba ta son a makara.